Amsar Wasiƙa Daga Wudil: Akwatin Gwajin Kimiyya Na Yara

 Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sayar da hatsi a Wudil. Ya ce 'ya'yansa da na maƙwabta hadda kawai suke yi wa darasin kimiyya, ba su taɓa gwada komai da hannunsu ba, har babban nasa ya fara cewa gara ya koma kasuwa. Yana tambaya, nawa zai kashe ya haɗa masu kayan gwaji?

To Malam, mun gode. Ai kusan duk abin da kake nema yana nan a kasuwarku ta ranar Juma'a. Ka sami akwati guda, ka zuba zoɓo busasshe, da kanwa, da lemon tsami, da gorunan roba, da balan-balan, da mayen ƙarfen lasifikar tsohuwar rediyo. Kwalba kam a bar ta, fashewa take yi.

Ka fara da zoɓo. A jiƙa shi, a raba ruwan gida biyu. Ɗaya a matsa masa lemo, zai ƙara ja. Ɗaya a zuba masa ruwan kanwa, sai ka ga ya juye ya yi duhu-duhu, kamar kore. Uwargida ta daɗe da sanin kanwa na kashe tsami, yau yara za su gani da idonsu. Sannan a zuba ruwan lemo kan dakakkiyar kanwa cikin gora, a yi maza a rufe bakin da balan-balan. Iskar da ke fita ita za ta kumbura shi.

Amma fa Malam, kanwa suna ta tara, wata ta fi wata ƙarfi. Saboda haka ka gwada da kanka sau biyu kafin ka tara yara, kuma murfin gora ɗaya ya zama shi ne ma'auninku kullum. In gwaji ya ƙi a gabansu, da wuya su sake zama. Zoɓon ma a riƙa jiƙa sabo, na jiya ya kan lalace. Ruwan batirin mota kuwa, ko kusa kada yaro ya taɓa.

Wanda ya fi dacewa da sana'arka shi ne gwajin iri. A raba yara biyar-biyar, kowane rukuni ya ƙirga ƙwayar dawa 20, ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa. Bayan kwana 7 a ƙirga waɗanda suka tsira. In 18 ne, iri ya yi kyau, in 10 ne, kada a kai shi gona. Wannan aiki, babban yaron za ka ba shi riƙon littafin lissafinsa.

Ka kuma tuna masa, jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote, a garinku take. Muna jiran wasiƙarka mu ji ƙwaya nawa suka tsira.