Tsafin da Ba a Biya Kuɗinsa Ba



An gayyace ni in yi magana a kan littattafan jarumtaka na duniyar ƙage, da kuma na soyayyar ɗan'adam da halittar da ba mutum ba. Daga yadda aka tsara takardar gayyatar na fahimci ana sa ran in zo da bulala. To, bari in fara da tona wa kaina asiri. Ina aji biyu a sakandare akwai wani shagon hayar littattafai a bakin layinmu, teburi ɗaya ne da kwalaye uku, kowane littafi an yi masa bango da takardar buhun siminti don kada ya yage. Na karɓo wani littafin yaƙi, na ɗaya da na biyu, na cinye su a dare guda a gindin fitilar ƙwai har gilashinta ya yi baƙi. Na biyun ya tsaya ne daidai inda jarumi ke rataye a bakin rijiyar macizai, ga wani ifiritu yana saukowa da takobi tsirara. Gari na wayewa na garzaya neman na uku, mai shago ya ce wata ta karɓa tun sati biyu ba ta dawo da shi ba. Har yau ban san yadda ya kuɓuta ba. Sai dai ko a wancan lokacin ban yi kokwanton zai fito ba tare da ko ƙwarzane ba. Wannan tabbacin da nake da shi tun ina yaro, shi ne abin da na zo in yi ƙorafi a kansa.

Kafin ƙorafi, a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Littattafai bakwai na Harry Potter, da J. K. Rowling ta fitar daga 1997 zuwa 2007, an sayar da fiye da kwafi miliyan 500. Guda huɗu na Twilight, na Stephenie Meyer, da suka fito daga 2005 zuwa 2008, sun haura miliyan 100. Yanzu kuma ana yayin waɗanda suka gwama yaƙi da soyayya a tukunya ɗaya, irin na Sarah J. Maas da Rebecca Yarros, waɗanda 'yan mata ke tallata wa juna a TikTok. Ruwa ba ya tsami banza. Ba zai yiwu a ce duk waɗannan miliyoyin mutane wawaye ba ne.

Abin da ke jan su ba baƙo ba ne a wurinmu. A gasar ƙaga labarai da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, biyu daga littattafan da suka yi fice na irin wannan zubin ne: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Ku dubi Ganɗoki da kyau. Shekara talatin kacal da faɗuwar Sakkwato a 1903, waɗanda suka ga abin da bindiga mai ruwa ta yi wa mahaya dawakai suna raye, sai ga littafi ya ba su jarumin da ya tunkari Nasara da takobi, ya nausa gabas, ya ci garuruwan aljanu da yaƙi. Wanda aka fi ƙarfinsa da rana yana son ya ga kansa da ƙarfi ko da a takarda ne da dare. Shi ya sa jarumin irin waɗannan labarai kusan kullum daga ƙasa yake tasowa. Harry maraya ne da ake kwantar da shi a ɗan lungun ƙarƙashin matakalar bene. Iliya Ɗanmaiƙarfi, na Ahmadu Ingawa, gurgu ne da ya yi shekara da shekaru ba ya iya miƙewa. Shi ma Iliyan, ga wanda bai sani ba, daga tatsuniyoyin Rashawa aka aro shi, sarkinsa Waldima na birnin Kib shi ne Biladimiya na Kiyef. Aro ba laifi ba ne in an iya rinawa.

Masu suka sukan ce wannan gudun duniya ne kawai. J. R. R. Tolkien, marubucin The Lord of the Rings, ya ba su amsa a wata lacca da ya yi a Jami'ar St Andrews ta Sukotilan a 1939. Ma'anar abin da ya faɗa ita ce, akwai bambanci tsakanin sojan da ya gudu daga fagen fama da ɗan kurkukun da ke neman hanyar komawa gida. Mutumin nan ya san fagen fama, domin yana cikin ramukan yaƙin Somme a Faransa a 1916, kuma yawancin aminansa na ƙuruciya ba su komo daga wannan yaƙi ba. Ni na yarda da shi. Yarinyar da ta wuni tana wanke-wanke da rainon ƙanne, in ta samu awa ɗaya ta hau bayan dodo mai fukafukai, ban ga wanda ta cuta ba.

To ina aibin yake? Duk Bahaushe ya san boka ba ya aiki kyauta. A tatsuniya ma, in an ba ka zoben da ke kawo abinci, akwai sharaɗin da in ka karya za ka yaba wa aya zaƙinta. Mai labari na da izinin ya yi ƙarya iyakar son ransa, ya sa doki magana, ya gina birni a ƙarƙashin teku, ba wanda zai tuhume shi. Abin da ba shi da izini shi ne ya ba jaruminsa iko ba tare da ya karɓi komai a hannunsa ba. Da zarar ya yi haka, labari ya mutu, ko da takubba na ta ƙara.

Tolkien ya san wannan. Jarumin littafinsa, Frodo, ya ɗauko wani zoben tsafi tun daga ƙauyensu har bakin dutsen wuta don ya hallaka shi, da ya isa sai ya kasa jefawa, zoben ya ci ƙarfinsa. Sai da aka gutsure masa yatsa kafin abin ya hallaka. Ya koma gida, gida ya zauna lafiya, shi kuwa zama ya gagare shi, daga ƙarshe jirgin ruwa ya shiga ya bar ƙasar da ya ceta. Rowling ma ta kafa doka ɗaya da ba ta karya ba: duk ƙarfin sandar tsafi, ba ta ta da matacce. Ganɗoki kansa, bayan duk aljanun da ya fatattaka, da ya komo gida ya tarar Nasara na nan daram kan mulki, abin da ya rage masa shi ne ba da labari.

Yanzu mu zo kan Twilight, inda zan ɗan daɗe. Bella yarinya ce 'yar shekara 17 da ta koma wurin mahaifinta a Forks, wani ɗan gari mai yawan hadari da ruwan sama a jihar Washinton ta Amurka. A makaranta ta haɗu da Edward, wanda a ido sa'anta ne, alhali an haife shi a 1901, aka mayar da shi mashayin jini a 1918 yana gab da mutuwa a annobar murar da ta game duniya. Ƙanshin jininta ya fi na kowa jan sa, amma ya hana kansa. Shi da 'yan gidansu jinin dabbobi suke sha. Kuma shi ne ya kafe sai an ɗaura aure kafin komai. Nan daɗin littafin yake, kada mu yi musu: namiji mai ƙarfin da zai iya hallaka ki, ya danne kansa saboda ke, ya zaɓe ki ke kaɗai bayan jiran kusan shekara ɗari, kuma ba zai tsufa ba, ba zai yi miki kishiya ba. Na ga iyayenmu mata suna murmushi.

Amma ku kwatanta shi da kakansa. Dracula na Bram Stoker, na 1897, a ɗaure yake da sharuɗɗa: tafarnuwa na korar sa, madubi ba ya nuna shi, sai a kan ƙasar mahaifarsa yake iya hutawa har yana yawo da ita a akwatuna, kuma ba ya shiga gida karon farko sai wani na ciki ya yi masa izini. Edward duk an sauke masa waɗannan. In rana ta haske shi, sheƙi kawai yake yi kamar lu'ulu'u. Batun izini kuwa, ta taga yake shiga ɗakin Bella dare bayan dare yana kallon ta tana barci, ba ta sani ba. Da ta sani, abin da ya dame ta shi ne ko ya ji sambatun da take yi cikin barci. A littafi na uku ya cire wani ƙarfe a injin motarta don kada ta je wurin abokinta Jacob. A na biyu, da ya tafi ya bar ta, marubuciyar ta bar shafuka huɗu fayau, ba komai a kansu sai sunayen watanni, daga Oktoba zuwa Janairu. Ta fuskar fasaha, na sara mata a nan. Amma ma'anarsa ita ce yarinyar ba ta da wata rayuwa da ta isa a rubuta in ba shi. Daga baya har tsalle ta yi daga kan dutse ta faɗa teku don ta ji muryarsa a kunnenta.

Ku cire masa tsafin, ku bar halin. A ce wani saurayi ne a unguwarku yake haura katanga yana tsayawa a kan 'yarku cikin dare, yana kwance mata batirin waya don kada ta kira kowa. Wace uwa ce a ɗakin nan za ta kira wannan so? Kasancewarsa ba mutum ba ita ce rigar da aka lulluɓe halin da ita. Mu kuwa muna da sunan wanda ke zuwar wa mace cikin dare ba izini, yana kore mata manema. Namijin dare muke ce masa, kuma ruƙiyya ake nema, ba a sa ranar biki. Abin mamaki, a littattafan da ake sayarwa shafi-shafi ta WhatsApp da waɗanda ake ɗorawa a Wattpad, na fara cin karo da shi sanye da shadda, ɗan sarkin aljanu, kyakkyawa, mai kishi, ana ta yi masa kirari.

Ƙarshen labarin ne ya fi ba ni haushi. Littattafai uku ana gargaɗin Bella cewa in ta zama irinsu za ta rabu da iyayenta, ba za ta haihu ba, za ta shekara tana haukan ƙishin jini. Da lokaci ya yi, ta sha wuyar ciki har ta leƙa kabari, wannan gaskiya ne. Bayan nan fa? Ta samu 'ya, ta riƙe mahaifinta, ƙishin bai gagare ta ba ko na yini guda. Aka tara mayaƙa daga ko'ina a duniya don karon ƙarshe, aka ja daga, sai aka yi muhawara aka watse, babu ko ɗaya daga 'yan gidan da ya rasa ransa. An kai mu kasuwa, an yi ciniki, an ɗauki kaya, ba a biya ba.

Kada mu yi ta nuna Turawa da yatsa. Littattafanmu na yaƙi da suka cika kasuwar Kano, waɗanda marubuta irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka yi suna da su, sun koya wa dubban samari son karatun Hausa, ni shaida ne. Amma da yawa cikin masu bin wannan hanya ciwonsu ɗaya. Jarumi zai sare dubu kafin azahar, in ya shiga tsaka mai wuya sai ga wani tsoho da laya, ko aljanar da ba a taɓa ambata ba. Dalilin a fili yake: littafi ne da ake sayarwa kashi-kashi, dole kowane kashi ya ƙare a bakin rijiya, kuma ba mai yanka kazar da ke yi masa ƙwai. Sannan kullum a Misra ake, ko Sin, ko Hindu. Gimbiya fara ce sol mai gashi har gadon baya, mugun kuwa baƙi ƙirin. Mukan zargi Tolkien da cewa mutanen kudu masu duhun fata a rundunar mugu ya zuba su, alhali mu da hannunmu muke yi wa kanmu haka. Ga Dutsen Dala da Tsumburbura, ga rijiyar Kusugu, ga masu rikiɗa kura, ga 'yan tauri, ga birnin Jangare na 'yan bori da sarakunansa da fadawansa, duk suna zaune ba mai taɓa su. Nnedi Okorafor da Tomi Adeyemi, 'yan asalin ƙasar nan da suka tashi a Amurka, da kayan kakanninsu suka gina nasu duniyoyin, kuma duniya ta saya.

Ba na goyon bayan ashana. An ƙona littattafai a Kano a 2007, ga shi yau suna cikin wayar kowace yarinya, inda wuta ba ta kaiwa. Iyaye da malamai, in kun ga littafin a hannun yaranku, ku karɓa ku karanta, sannan ku tambaye su me jarumin ya rasa kafin ya samu abin da ya samu, kuma da saurayin nan mutum ne, za su yarda ya auri ƙanwarsu?

Ku kuma marubutan da ke cikin ɗakin nan, na san kuna da yawa, roƙona ɗaya ne. In kun rataye jarumi a bakin rijiyar macizai, ku bari ko maciji ɗaya ya sare shi, ya ɗingisa har ƙarshen littafi. In kuma akwai wadda ta karɓi kashi na uku a wani shago mai bangon takardar siminti ba ta mayar ba, ina nan a bakin ƙofa bayan an tashi.