In ciwon mussa ya ƙi jin magani

Jawabin wani malamin dabbobi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Mallawa

Na san in kun gan ni, zancen shanu da awaki kuke jira. Yau zancen mussa na kawo, wadda wasu ke ce ma kyanwa ko mage. Kada ku yi dariya. Wanda ɓera ya taɓa shiga rumbunsa ya san aikinta.

Mussa mai samun kulawa tana kai shekara 12, har 15. In ta tsufa, sau da yawa ciwon ƙoda ne ke kama ta. Sai ta riƙa shan ruwa da yawa, tana yawan fitsari, tana ramewa. Daga baya ta bar ci, ta bar lasar jikinta, ta ɓuya a lungu. Wannan ciwo ba ya warkewa. To, mai gida, yaya za ka yi da ita?

Da farko, nuna ta ga ma'aikacin kiwo. Wata ramar tsutsar ciki ce kawai, magani kaɗan ya ishe ta. Kada ku ba ta farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, da azaba kuma.

In an tabbata ba ta tashi, wasu sai su sa ta a buhu su yar a daji. Ƙishirwa ce za ta kashe ta, bayan kwanaki. Duk mun ji hadisin matar da ta tsare mussa ba ci ba sha, mun kuma san makomarta. Wasu kuma guba suke sa mata a abinci. Na taɓa zuwa wani gida da aka yi haka. Mussar ba ta ci ba, don ta riga ta bar ci. Kaji suka cinye, suka mutu. Kwanon kuwa yana nan ƙasa, inda yaro mai rarrafe ke wasa. Allah ne ya kiyaye.

Likitan dabbobi yana da hanya mai sauƙi, ta allura. Ta farko tana sa barci. Ta biyu tana tsai da numfashi da zuciya. Cikin minti kaɗan an gama, dabbar ba ta jin zafi. Ba a sayar da wannan allura a kasuwa, likita kaɗai ke yin ta. Ku tambaya a ma'aikatar kiwo, a Dungas ko Magarya.

In allurar ba ta samu ba, ku yi mata shimfiɗa a inuwa. Ku aje ruwa kusa da bakinta. Ku kore ƙuda, ku hana yara jan ta, har rai ya yi halinsa.

Akwai mussar da ba a jinya da hannu. Mai dalalar da miyau, mai cizo ba dalili, wadda halinta ya sake farat ɗaya. Haukan kare yana kama mussa, ita ma tana sa ma mutum. In ya bayyana a jikin mutum, ba shi da magani. Kada ku taɓa ta. Ku rufe ta a ɗaki, ku kira mu. Wanda ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15. Ya tafi gidan likita ranar nan, a fara masa allurar rigakafi. Kada ya jira ranar kasuwa.

Sai gawar. Kada a jefa ta a bola, ko tabki, ko tsohuwar rijiya. Maganin allurar yana nan cikin namanta, yana kashe kare ko angulu da ya ci. A gina rami mai zurfin mita 1, nesa da rijiya, a rufe, a ɗora dutse ko ƙaya. Mai tambaya ya ɗaga hannu.