Gishiri da Ɗanɗano a Tukunyar Bahaushe

Bahaushe ya daɗe da ɗaukaka gishiri. Ayarin raƙuma kan keta hamada daga Bilma da Fachi ɗauke da kantu zuwa kasuwannin ƙasar Hausa, kuma har a harshe, idan mutum ya zuzuta labari, sai a ce ya ƙara gishiri. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan likita ya ce da mai hawan jini ya rage gishiri, shi kuwa ya ji kamar an yanke masa hukuncin cin lami har abada.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi guda. Dalili shi ne sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri yana riƙe ruwa a jini. Jini ya yi yawa, ya matsa wa jijiyoyi, daga nan ƙofar shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda ta buɗe.

To, amma gishirin da ake gani ba shi kaɗai ne abin tsoro ba. Dunƙulen miya na kanti, kusan rabinsa gishiri ne, ga shi uwargida kan marmasa uku ko huɗu sannan ta barbaɗa gishiri a kai. Kanwa ma, wadda ake jefawa a wake da miyar kuka, sodiyam ce. Ma'aikacin da ya karya kumallo da burodi, ya ci tsire da yajinsa da maraice, yana iya ƙetare ƙa'ida tun bai zauna gaban tuwo ba.

Maganin kuwa yana cikin tukunyar kakanni. Daddawar ɗorawa tana ba miya irin garɗin nan da ake nema a dunƙule. Albasa idan ta soyu sosai zaƙi take fitarwa. Ga tafarnuwa da citta da masoro da kimba. Ga tsamiya da yakuwa da lemun tsami, waɗanda tsaminsu kan farkar da harshe har ya manta da abin da aka rage masa. Sai dai a rage sannu a hankali, a tukunyar gida duka, domin ware wa maigida tasa miyar ba ya ɗorewa. Cikin 'yan makonni baki zai saba. Ɗan abin da za a zuba kuma ya zama mai aidin, saboda maƙoƙo.