Daga Jadawali Zuwa XML: Yadda Ake Sa Kwamfuta Ta Kwashe Bayanai da Kanta



Wataƙila wani zai yi mamakin ganin malamin Hausa ya miƙe yana magana a kan aikin da aka sani na masana kwamfuta ne. Dalili kuwa shi ne, kalmomin da muke tarawa a yau domin ƙamus, da karin magana, da sunayen itatuwa da na kayan sana'a, galibi a jadawalin kwamfuta muke zuba su, daidai yadda akawu yake zuba sunayen ma'aikata da albashinsu. Da mu da akawun, rana tana zuwa da za a ce a miƙa bayanan ga wata na'ura, ko ta maɗaba'a, ko ta banki, ko ta hedkwata, ita kuwa wannan na'ura ba ta san abin da muke nufi da layukanmu ba.

Shi jadawalin kwamfuta ba tsohon abu ba ne. A 1979 Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar da VisiCalc a Amurka, Lotus 1-2-3 ta biyo baya a 1983, sa'an nan Excel a 1985. Duk sifarsu ɗaya ce: layuka na kwance, layuka na tsaye, inda suka gitta kuma gida ne da ake rubutu a ciki. Abin lura a nan shi ne, ma'anar abin da ke cikin gida ta dogara ne ga wurin da gidan yake. In ka ga 45 a wani gida, sai ka ɗaga ido zuwa saman layi kafin ka san ko shekaru ne ko lambar ɗaki. Wata ma'anar ma ba a rubuce take ba sam, tana cikin kan mai jadawalin. Shi kaɗai ya san cewa sunan da ya shafa wa ja na wanda ya yi ritaya ne.

Ɗaya tsarin, watau na yi wa rubutu alama, ya bi wata hanya dabam. Charles Goldfarb da abokan aikinsa suka faro shi a kamfanin IBM a 1969, ya zama ƙa'idar duniya mai suna SGML a 1986, aka kuma sauƙaƙa shi aka fitar da XML a 1998. A wannan tsari kowane bayani yana tafe da sunansa a jikinsa, tsakanin alamar buɗewa da ta rufewa. Alal misali, <kalma>doki</kalma> sa'an nan <jinsi>namiji</jinsi>. Ko ina ka kai wannan rubutu, mutum zai karanta ya gane, na'ura ma haka. Masana adabi da harshe ba su zauna jiran kowa ba: tun 1987 suka kafa shirin TEI, wanda har babi guda ya keɓe domin yadda za a yi wa ƙamus alama.

To, kwashe jadawali zuwa XML fassara ce, daga harshen da ma'anarsa ke cikin wuri zuwa harshen da ma'anarsa ke cikin suna. Za a iya yi da hannu in layuka ashirin ne. Amma in dubu ashirin ne, ana kuma gyara su kowane mako, mai kwafa zai gaji, gajiya kuwa ita ke kawo tsallake layi. Saboda haka ake rubuta wa kwamfuta umarni sau ɗaya, ta riƙa bin layukan ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaukar abin da ke kowane gida tana sa masa alamar da ta dace.

Tun fitowar Excel ta 2003 akwai hanyar yin haka ba tare da rubuta umarni ba. Ana ba ta fayil mai bayyana sifar da ake so, a haɗa kowace alama da layinta na tsaye, a danna, fayil ya fito. Wannan ya wadatar ga jerin albashi, inda kowane ma'aikaci yake da suna ɗaya da lamba ɗaya. Ga ƙamus kuwa bai wadatar ba, domin wannan hanya ba ta iya fitar da jeri a cikin jeri. Ku ɗauki kalmar "ci". Ana cin tuwo, ana cin jarrabawa, ana cin bashi, ana cin amana, ana cin kasuwa. Kalma ɗaya ce mai ma'anoni da yawa, kowace ma'ana da misalanta, wani misalin ma da bayanin karin harshen da aka ji shi. Wannan sifar bishiya ce mai rassa, jadawali kuwa shimfiɗe yake kamar tabarma. Dole a ba kowace kalma lamba, a maimaita lambar a kowane layi na ma'anarta, sa'an nan a rubuta umarni, da VBA na cikin Excel ko da Python, wanda zai tattara layuka masu lamba ɗaya ƙarƙashin uwa ɗaya. A ganina nan ne aikin yake, kuma aikin mai ilmin harshe ne. Shi zai yanke hukunci ko "kai" na jiki da "kai" na isar da kaya shigarwa ɗaya ce ko biyu. Kwamfuta ba ta da ra'ayi a kan wannan.

Yanzu bari in zo ga abin da ya shafi Hausa kai tsaye, ina kuma roƙon ɗalibai su saurara da kyau. Excel tana ɗaukar alamar hamza da ta zo a farkon gida a matsayin umarni, ma'anarsa "abin da ke biye rubutu ne, ba lissafi ba", sai ta ɓoye alamar. Wanda ya buga 'ya'ya, abin da aka adana shi ne ya'ya. 'Yanci ya koma yanci, 'ya kuma ta koma ya. Idan umarnin kwashewa ya bi ta kansu, duk kalmomin da suka fara da wannan harafi za su fito ba hamza, su ɓace cikin na "y", ba tare da na'ura ta yi ko tari ba. Magani shi ne a buga alamar sau biyu, ko a adana harafin da sifar ƴ, kamar yadda ake rubuta shi a Nijar, a mayar da shi 'y a lokacin fitarwa in ana bukata. Har wa yau, hamza ba ta shiga sunan alama a XML, saboda haka ba a iya kiran alama jam'i, sai dai jami ko wani suna. Tana kuma cikin alamomi biyar da XML ta tanadar wa rubutu na musamman, tare da < da > da & da alamar zance.

Haruffa masu lanƙwasa su ma suna da tasu. Unicode ta ba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ lambobinsu, kuma fayil ɗin da aka rubuta da tsarin UTF-8 yana riƙe su lafiya. Amma in umarnin ya rubuta fayil da tsohon tsarin haruffan Yammacin Turai, wanda babu su a cikinsa, sai su fito alamar tambaya. Mai gaggawa kuma ya ga tambayoyi sun cika shafi, ya maye gurbinsu da b da d da k. Daga nan ƙafa ta zama kafa, faɗa ya zama fada, ɓari ya zama bari. Ƙamus ɗin da ba ya bambanta waɗannan ba shi da amfani ga kowa.

Ma'aikatan ofis kada su ce wannan ta malaman harshe ce. Lambar waya mai farawa da 080, da lambar asusun banki mai farawa da sifiri, in aka bar Excel ta ɗauke su lissafi, sifirin farko zai faɗi. Lamba mai tsawon da ya wuce 15 kuwa, abin da ya haura sai ya koma sifiri. Gidajen da aka haɗe domin ado, na farkon ne kawai yake da abu a ciki, sauran fanko ne ga na'ura. Launi ba ya bin bayani zuwa XML, don haka ritayar nan da aka nuna da ja sai an buɗe mata layinta na tsaye. Manyan hukumomi ma ba su tsira ba. A watan Oktoba na 2020 aka gano a Ingila cewa sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da cutar korona bai shiga ƙidaya a kan lokaci ba, domin an yi amfani da tsohon nau'in fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Aikin kansa na'ura ke yi, abin da ya haura iyaka ya zube, ba wanda ya gani sai bayan kwanaki.

Saboda irin wannan ne ake rubuta kundin ƙa'ida tun kafin a rubuta umarnin kwashewa. A cikinsa ake faɗin cewa kowace shigarwa dole ta zo da kalma ɗaya da aƙalla ma'ana ɗaya, jinsi kuma ko namiji ko mace, lambar asusu kuwa goma cif. Akwai manhajojin da ke auna fayil da wannan kundi, su ƙi shi in ya saɓa, su kuma nuna layin da saɓanin yake. Ni dai ina ƙara abu biyu a kan wannan. A sa umarnin ya ƙirga layukan da ya karanta da waɗanda ya rubuta, ya tsaya in ba su yi daidai ba. Sa'an nan in an sami kuskure, a gyara shi a jadawali a sāke kwashewa, kada a taɓa fayil ɗin XML da hannu, domin kwashewar mako mai zuwa za ta shafe gyaran.