Iska ce ko ciwo ne? Abin da masu bincike suka gano game da al'ada da lafiyar ƙwaƙwalwa

Ina gaida iyayenmu da malamanmu da suka zo, da ku samari da kuka bar shayi kan wuta a fada kuka taho. Na san ba ƙaramar sadaukarwa ba ce.

Zan fara da abin da da yawa cikinku kuka taɓa gani. Ina aji uku na kolej, wata safiya ana cikin darasi, yarinyar da ke zaune gabana ta ƙwala ihu ta faɗi. Kafin mushe ya iso wurinta wata ta bi, sai wata. Kafin azahar an kwantar da su jere ƙarƙashin dogon yaro, aka tashi lakwal, aka kira malami ya yi ruƙiyya. Washegari gari ya rabu biyu: wasu na cewa aljanu ne, wasu na cewa ƙarya ce, jarrabawa suke gudu. Wadda ta fara faɗuwa ba ta sake shiga aji ba, kafin damina an ɗaura mata aure. Duk cikin gardamar nan ban ji wanda ya zaunar da ita ya ce, "Ke, mi ke damunki?" ba. Ni ma ban tambaye ta ba.

Sai da na shiga jami'a na san cewa an yi bincike kan wannan abu, a nan ƙasarmu. Adeline Masquelier, masaniyar al'adun al'umma ce a jami'ar Tulane ta Amurka, ta yi shekaru tana aiki a Dogon Dutsi. Ba ta tsaya gardamar ko aljanu gaskiya ne ba, ta saurari abin da mutane ke faɗa. Sau da yawa bayanin shi ne an sare itatuwan da iskoki ke zaune a ciki don a gina azuzuwa, yanzu sun zo neman gidansu. Wani lokaci kuma a ce aljani ne ya ga yarinya yana so. Ita ta duba wace ce ke faɗuwar: budurwa da ke tsakanin boko da aure, an ce mata karatu zai canza rayuwarta, alhali ta san ƙalilan ne ke kaiwa ƙarshe. A tawa fahimtar, yarinyar da ba ta da damar cewa "na gaji" ko "ba na so" a gaban iyayenta, in ta faɗi kowa zai rugo. Ba wai ta shirya ba ne. Jiki ne ke amfani da harshen da garin ke jin sa.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ne haka. A 1980 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Arthur Kleinman, ya duba majinyata 100 a lardin Hunan na ƙasar Sin. Dukkansu ciwon kai, kasala da rashin barci suka kawo, likitocinsu suka ce raunin jijiya ne. Da ya auna su da ma'aunin ƙasarsu, ya ga 87 na da ciwon damuwa mai tsanani. A wancan lokaci a Sin, ka ce zuciyarka ta ɓaci abin kunya ne, har ma da haɗari na siyasa, amma ka ce kanka na ciwo ba laifi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya biyo baya: an ba su magani, alamun sun ragu, amma waɗanda suka ce sun samu sauƙi sosai su ne waɗanda matsalarsu ta aiki ko ta gida ta warware.

To ku tuna da innarmu da ke zuwa asibitin unguwa kowane wata: kai na sarawa, ƙirji na zafi, wani abu na yawo a jiki. A yi gwajin zazzaɓi ba komai, a ba ta farasitamol ta koma. Wa ya tambaye ta ɗanta da ya tafi Libiya shekara uku ba labari?

Shi kansa binciken ba a kan gaskiya ya fara ba, gara in faɗa muku. A 1953 wani likitan mulkin mallaka a Kenya, Carothers, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto yana nuna cewa baƙar fata bai cika kamuwa da irin wannan damuwa ba. Bai ji ta da kalmomin da ya saba ba, sai ya ce babu ita. Wanda ya nuna wata hanya ɗan Afirka ne, Thomas Adeoye Lambo. A 1954, a Aro kusa da Abekuta, maimakon kulle majinyata sai ya sauke su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da ɗan uwansa, suna zuwa asibiti karɓar magani, kuma ya yi aiki da masu maganin gargajiya. A Dakar ma Henri Collomb ya bi kusan wannan hanya a asibitin Fann.

Misalin da na fi so daga Zimbabuwe yake. A harshen Shona suna da kalma, kufungisisa, wato yawan tunani. Daidai da namu "tunani ya yi mata yawa". Likita Dixon Chibanda ya ɗauki kalmar da muhimmanci. Ya horar da tsofaffin mata, kakanni, suna zama kan benci a harabar asibiti, mutum ya zo ya zauna su yi magana, su rarrabe matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya. Aka gwada tsarin kan mutum 573 a Harare, aka wallafa sakamakon a 2016. Bayan wata 6, cikin waɗanda suka zauna da kakannin kusan kashi 14 cikin 100 ne ke da sauran alamun damuwa mai tsanani, a ɗaya rukunin kuwa kusan rabi. Benci fa, da tsohuwa mai sauraro. Muna da ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa, wannan kowa ya sani, amma kakanni ba mu rasa ba.

Yanzu kada wani ya fita daga nan ya ce na ce duk abin da al'ada ta yi daidai ne. A'a. Akwai wanda ke ɗaure da mari a bayan gida yau ɗin nan, ana dukansa wai a fitar da iska. Akwai yaro mai farfaɗiya da aka cire daga lakwal, ba a cin abinci kwano ɗaya da shi, alhali farfaɗiya ba a ɗaukarta, kuma akwai ƙwaya mai araha da ke tsayar da ita ga mafi yawan masu ita. Taɓin hankali mai tsanani yana buƙatar maganin asibiti, benci bai isa ba. Amma iyalai wurin malam ko boka suke fara zuwa, ko mun so ko mun ƙi. Shi ya sa Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa suka gwada a Ibadan da Kumasi: ma'aikatan lafiya su riƙa zuwa wurin masu maganin gargajiya da na addu'a, su ba da magani a can, su sa ido kan ɗauri da duka. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna majinyatan da aka haɗa musu hannu biyun sun fi samun sauƙi.

Abin da ke ba ni haushi, kusan duk waɗannan rubuce-rubucen da Turanci ko Faransanci suke, har wanda aka yi a Dogon Dutsi. Mutanen da aka yi binciken a kansu ba su taɓa jin abin da aka samu ba. Kuma ɗan jami'armu zai iya yi maka bayanin damuwa da Faransanci tiryan-tiryan, ka ce ya faɗa wa kakarsa da Hausa, sai ya tsaya yana sosa kai.

Don haka ga takarda nan za ta zagaya. Kowa ya rubuta kalmomin da ake faɗa a gidansu in mutum ba ya cikin hayyacinsa ko ransa a ɓace, da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Buzanci ko Barbarci, da kuma inda ake fara kai shi. Kada ku sa sunan kowa. Za mu tattara, mu kai wa ma'aikatan jinya da suka yarda su zauna da mu a zama na gaba. Ƴar uwa da ke can baya, tun ɗazu na ga hannunki sama, bismilla.