Idan Ciwo Ya Same Ki A Ƙasar Waje, Wa Zai Biya, Wa Zai Dawo Da Ke?

Uwargida, in kina tsakar aiki, ɗan matso da rediyon kusa.

Wata mai sauraronmu ce ta aiko da tambaya. Ƙanwarta da ke aure a Jamus ta haihu, mahaifiyarsu za ta je ta zauna mata jego. Wajen neman biza an ce sai an yi wa Hajiya inshorar tafiya, sai kuma wani ya ce musu akwai kamfanonin da ake shiga, su ɗauko mutum a jirgi in ya kwanta ciwo. Ta ce, shin ba abu ɗaya ba ne?

To 'yar'uwa, ba ɗaya ba ne.

Inshorar tafiya, aikinta biyan kuɗin asibiti. Jamus tana cikin ƙasashen Turai masu bizar Shengen, kuma dokarsu ta ce duk mai neman wannan biza sai ya nuna inshorar da ta kai aƙalla Yuro 30,000, wadda ta haɗa da jinyar gaggawa, da kwanciya asibiti, da mayar da mutum gida saboda ciwo ko rasuwa. Haka ma Saudiyya, tun 2020 ta haɗa inshora cikin kuɗin bizar Umra. Da yawanmu mun biya ba mu ma sani ba.

Amma ga inda gizo ke saƙar. A ce Hajiya ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, Allah ya kiyaye. Masu inshora za su kai ta asibiti mafi kusa da zai iya aikin, su biya. Daga nan fa, maganar dawowa gida ba a hannunta take ba, ba kuma a hannun 'ya'yanta ba. Likitan kamfanin ne zai duba ya ce akwai larurar a ɗauke ta ko babu. In asibitin da take yana iya jinyar, sai ya ce ta zauna. Kin san halin iyayenmu. Sati biyu a gadon asibiti, ba mai jin Hausa, ba 'yan dubiya, ba kunun tsamiya, sai ki ji ta fara cewa a mayar da ita ɗakinta ko da me zai faru. In kuwa kuka ce za ku ɗauki jirgin jinya da kanku, da likita da kayan aiki a ciki, ana maganar dubban daloli ne masu yawa, kuɗin da sai an sayar da gida.

Wannan giɓin ne kamfanoni irin su Medjet da Global Rescue na Amurka suke cikewa. Kuɗin zama mamba ake biya, na shekara ko na 'yan kwanaki. A tsarin Medjet, in an kwantar da mamba a asibitin da ya kai mil 150 daga gidansa, wajen kilomita 240 ke nan, za su ɗauke shi zuwa asibitin da ya zaɓa a ƙasarsa, in dai jikinsa zai ɗauki tafiyar. Sai dai ki riƙe wannan da kyau: ba sa biyan kuɗin jinya, ko na ƙwayar magani ɗaya. Sufuri kawai. Sannan Medjet mazauna Amurka da Kanada da Meziko take karɓa, don haka ta fi amfanar 'ya'yanmu da ke zaune can in za su zo ganin gida. Global Rescue ce ke karɓar mutanen wasu ƙasashe.

Ni dai a ganina, ga Hajiyar da za ta Jamus, inshora mai kyau ita ce gaba. Asibitin can ba abin gudu ba ne, kuɗinsa ne abin tsoro. Wanda zai shiga inda asibiti ya yi ƙaranci shi ya fi bukatar a ɗauko shi.

Kuma don Allah kada a bar takardar a hannun ejan. Ki sa maigida ko ɗanki ya karanta miki ita, a duba ciwon da mutum ya tafi da shi daga gida. Hawan jini, ciwon suga, juna biyu, yawancin inshora tana ware su ko ta sa musu sharaɗi, in kuma an ɓoye, ranar biya su ƙi. Mai shakkar inshora ta fuskar addini, akwai kamfanonin takaful a Najeriya, a tambaye su ko suna da na tafiya.

Lambar wayar kamfanin kuma a rubuta ta a takarda, a sa cikin jakar Hajiya tare da fasfo, a ba ƙanwar taki kwafi. A kira su da wuri, don akan ƙi biyan abin da aka kashe ba da saninsu ba. Lambar motar asibiti a Jamus 112 ce.

Allah ya raya jariri, ya kai Hajiya lafiya ya dawo mana da ita lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.