Zane a Kan Buhun Siminti

Matasa masu zane na kukan tsadar kayan aiki, kuma kukansu na kan hanya. Amma a dubi mai zane Ibrahim El-Salahi na Sudan. A 1975 aka tsare shi a kurkukun Kobar ba tare da shari'a ba. Sai ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana, yana zane da guntun fensir, yana binnewa cikin rairayi kada gandirobobi su gani. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya baje kolin ayyukansa. Saboda haka, 'yan'uwa, kada littafin zane ya bar aljihunku. In babu fenti, ga gawayi, ga biro, ga tawadar allo. Yau da gobe ke gyara hannu.